Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Saƙon ya shigo ƙarfe huɗu da kwata:
"Faɗi ra'ayinki kan kamfani, ba wanda zai san mai faɗa."
Na ɗaga kai na duba.
Mu goma sha tara ne a hawa na uku a nan Brighton,
ni kaɗai ke shimfiɗa darduma a bayan injin buga takardu.
Ina za a ɓoye raƙumi cikin garken tumaki?

Tambaya ta ɗaya: Ana jin muryarki?
Ana ji.
Ran Talata na ce rijiyar da muka zana wa Garin Ɗanbarde
ba za ta ga watan Maris da ruwa ba,
na san ƙasar, can aka binne cibiyata.
Ɗaki ya yi tsit, sai kukan tsuntsayen teku a kan rufi.
Da aka sha shayi Alasdair ya maimaita,
yana juya biro tsakanin yatsu,
aka ce kai, wannan hangen nesa!
Muryata ce, ta ari wando ta dawo.

Tambaya ta huɗu: Lokacinki naki ne?
Nan ana yanka yini kamar naman tsire,
minti goma sha biyar a kowane tsinke,
kowane tsinke da lambarsa da mai biyansa.
Ran da Inna ta kira daga gadon asibiti,
minti arba'in muna magana.
Na nemi lambar da ake sa wa kuka, ban samu ba.
Na zuba shi a "sauran ayyuka".

Ta bakwai: Yaya shugabarki?
Philippa ba muguwa ba ce, kar in ɗauki alhaki.
Da azumi ta ajiye mini dabino a kan tebur,
da na yi zazzaɓi ta hau bas har Moulsecoomb da miya a kwano.
Sai dai sau uku na ce mata Zuwaira,
har yau Zara take kira.
Ita ma da dutse a kanta.
Ran da masu ba da kuɗi suka janye hannu
aka kira abin "sake fasali",
ita aka ba wuƙar.
Na same ta a matakala tana share ido da hannun riga,
Tendai kuwa ya sauka da kwali guda.
Kofinsa na nan a kabad, mai tsagewar baki,
ba mai sha da shi, ba mai yar da shi.

A bango an rubuta da shuɗi: Mu iyali ɗaya ne.
A gidanmu dai ba a sallamar ƙane
don kasuwa ba ta ci ba.

Hotona na shafi na shida a duk takardar neman kwangila,
da kallabi, ina murmushi, "ƙwararriya 'yar ƙasa".
Ɗakin da ake yanke farashi kuwa
ta gilashi na san kalar kujerunsa.
Zan faɗa? Izinin zamana a aljihunsu yake.
In baki ya ci, ido ya ji kunya.

Amma fa akwai makarantar nan mai aji shida
da na yi faɗa har aka sa mata banɗakin 'yan mata.
Tana tsaye. An aiko mini hoto.
Wannan ma gaskiya ce, ina zan sa ta?

Ta ƙarshe: Za ki ce wa wani naki ya zo?
'Yar yayata Bilkisu ta gama digiri,
sau biyu tana tambaya ko da gurbi.
Yatsana ya tsaya kan biyu,
ya leƙa huɗu,
ya dawo ya zauna a uku
kamar baƙon da bai san mai gida ba.

Na aika. Ruwa na dukan taga.
Minti talatin ya tafi,
tsinke biyu ke nan.
Wa zai biya?